Ranar da Inna Ta Kira Wani Mai Walda

Akwai wani mai walda a bakin titi da mutane suka laƙaba wa suna Kawo-Kawo. Duk abin da ka tambaye shi ko zai iya gyarawa, amsarsa ɗaya ce: "Kawo."

Kuma wallahi yana da hannu. Idan ya haɗa maka ƙofa, sai ka nemi inda ya yi waldar ka rasa. Matsalarsa dai bakinsa bai iya "a'a" ba. Fanka ta lalace, kawo. Janareto ya ƙi tashi, kawo. Keken ɗinki, baro, famfon ruwa, har da rediyon wani tsoho da ya daɗe a kan benci hanjinsa a waje. Shagon ya koma kamar bola, aiki ko'ina, babu wanda aka gama.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Inna, ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu. Ta samu sauƙi, amma tsoron faɗuwa ya shige ta, ta daina fita daga ɗaki. Likita ya ce a yi mata ƙarfen dafawa daga ƙofar ɗakinta zuwa tsakar gida, ta riƙa takawa kullum. Idan ta ci gaba da zama, ƙafar za ta sage, ƙila ba za ta ƙara tafiya ba.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Inna," in ji Kawo-Kawo. "Gobe in sha Allah."

Har bututun ƙarfen ya sayo ya jingina a bayan shago. Amma da safe mai janareto zai zo yana masifa, sai ya ɗan taɓa janareto. Kafin ya ɗaure noti mai baro ya iso, sai ya koma kan baro. Haka zai wuni yana zufa, ya tashi a gajiye tilis, bai sallami kowa ba. Ƙarfen Inna kuwa har ya fara tsatsa.

Wata rana da azahar ya shiga gaishe ta, sai ya tarar da wani baƙo durƙushe a ƙofar ɗakinta yana awo. Yayarsa na tsaye tana riƙe masa bakin tef.

"Yaya, wane ne wannan?"

"Mai walda ne. Inna ta ce a nemo."

Daga ciki Inna ta ce, "Kada ka ji haushi, ɗan nan. Na ga aiki ya yi maka yawa, shi ne na ce a samo min mai lokaci."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma shi ne abin da ya fi yi masa ciwo. Kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai. Ya ba baƙon haƙuri, ya raka shi har ƙofar gida.

Washegari ya ari baron da bai gama gyarawa ba, ya loda kayan mutane, ya bi su gida-gida. Mai fanka ya yi masa tatas. Tsohon mai rediyo dariya kawai ya yi, ya ce shi ai ya ɗauka rediyon ya riga mu gidan gaskiya. Kowa dai abu ɗaya ya ji daga bakinsa: "Ku yi haƙuri, wannan ba aikina ba ne. Ni ƙarfe nake haɗawa."

Da ya dawo shagon ya yi fayau. Ya ɗauko ƙarfen Inna, ya goge tsatsar, ya yanka, ya haɗa, ya je ya kafa. Inna ta dafa, ta yi ɗan taku ta koma ta zauna. Kullum sai ta ƙara kaɗan.

Shi kuma ya tsaya a kan aikin ƙofa, taga da ƙarfen dafawa kawai, kuma ba ya karɓar sabo sai ya miƙa na hannunsa. Abin mamaki, aikin da yake fitarwa a wata ya fi wanda yake fitarwa a shekara a da. Yana tashi da wuri, ya samu lokacin hira da Inna, hankalinsa kwance.

Wata safiya yana cikin yankan ƙarfe ya ji sallama a bayansa. Yana juyowa sai ga Inna da sandarta, yayarsa na biye da ita. Da ƙafarta ta tako tun daga gida.

"Ba ni kujera," in ji ta tana haki tana murmushi. "Na zo in ga shagon da ya kusa cinye min ƙafa."

Ya jawo mata benci yana dariya, hawaye na zubo masa.

Darasi: Idan ka ce "kawo" ga kowa, wanda ya fi cancanta da kai shi zai fi kowa jira. Zaɓi kaɗan, ka gama su da kyau, sauran ka bar wa masu su. Tura wa wanda ka san hannunsa ya cika da aikin da bai gama ba.