Yadda Taɓaryar Larai Ta Ɓatar da Sirrin Dara

Dalilin da ya sa babu mai hanyar cin dara kullum, yara, aikin wata mata ne da taɓaryarta.

A da can gurbi tara ne kacal a dara, uku-uku, wanda ya fara jera uku ya ci. Sirrinta ba wuya: ka kama tsakiya, ka tsare kusurwa, ka toshe duk inda abokinka ya jera biyu. Wanda ya san wannan ba a cinye shi.

A wani ƙauye mutum biyu suka san shi, Jatau da amininsa Barmo. Ranar da ya kamata su fara noman gero, sai suka zauna gindin tsamiya, Jatau da tsakuwa, Barmo da guntayen kara.

"Wallahi ba zan taɓa fartanya ba sai ɗayanmu ya sha kashi," in ji Jatau.

"Ni ma na rantse," in ji Barmo. "Ka yi sallama da gonarka."

Suka yi, canjaras. Suka sake, canjaras. Kwana shida ana abu ɗaya, ruwa yana sauka, ciyawa tana shaƙe gero.

Rana ta bakwai Larai, matar Jatau, ta bar daka ta zo da taɓarya a hannu.

"Malam, akuyarmu ta shiga gonarka tun jiya. Ciyawa ta hana a gan ta."

"Larai, rantsuwa ce. Saura ƙiris."

"Tun Talata kake cewa ƙiris."

"Uwargida, laifin mijinki ne," in ji Barmo. "Ya ƙi yin kuskure."

Ta tsaya ta kalli wasa uku, ta gane cewa ko shekara za su yi, haka za su tashi, kuma tuwon bana ne zai tafi. Sai ta ɗaga taɓarya ta shiga dukan ƙasa, dim, dim, har gurbi ya kai talatin, layi biyar na shida-shida.

"Kowa ya ɗebo 'ya'yan dara goma sha biyu. Ku zuba duka tukuna, ban da jera uku. In an gama zubi a riƙa matsawa gurbi ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa."

Jatau ya ƙura wa ƙasa ido. "To ina tsakiyar?"

"Ka neme ta, Malam."

Yana cikin nema Barmo ya cinye shi, tun kafin azahar. Rantsuwa ta warware. Larai ta miƙa wa Jatau fartanya, gero ya tsira, aka kuma samu akuya ta yi ƙiba.

Bayan noma Jatau ya ce ya gano sabon sirrin. Barmo ya sake cinye shi.

Shi ya sa har yau gurbin dara yake zagaye kamar kan taɓarya. Kuma in kuka ji wani dattijo a gindin bishiya yana cewa shi ya san sirrinta, ku gaishe shi da ladabi, ku ɗan dakata ku ga ƙarshen wasan.