Bushiya da Manhajar Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu sha!

Giwa ce ta sa Bushiya, sarauniyar kunya, ta haɗa wa dabbobi manhajar waya mai nuna inda ruwa yake. Kullum Giwa ta zo wucewa sai ta ce, "Ina aiki?"

"Da godiya, Inna."

Rani ya yi, ƙishi ya kama kowa, aka buɗe manhaja, ko kududdufi ba ta nuna ba.

Bushiya ta dunƙule, ta ce, "Inna, tun kaka gara ta cinye wayar wutar na'urar da manhajar ke aiki da ita."

"'Yar nan! Shi ne kika yi shiru?"

"Ai gaisuwa kike yi ki wuce."

Giwa ta rungume ta, ƙaya da duka. Tun ranar, in sun gaisa sai ta zauna ta ce, "To, mun gaisa. Me ya lalace?"

Ƙurunƙus, kan ɓera ya gasu!