Kurege da Injin da Ke Tashi Shi Kaɗai

Ga ta nan, ga ta nanku, ko da yake bayana ciwo yake yi.

Ta zo mu ji ta, Inna, ko a kishingiɗe ne.

To. Ɓauna ce ke da shagon kafinta a bakin kasuwa, Kurege yana yi mata aiki. A shagon akwai zarto mai aiki da lantarki, akwai kuma injin da ke zuƙe garin katako ta wani dogon bututu ya tara a buhu. Aikin Kurege ɗaya ne. Ɓauna ta kunna zarto, ya ruga ya kunna inji. Ta kashe, ya ruga ya kashe. Ruga ka kunna, ruga ka kashe, tun safe har la'asar. Kurege ya gaji, gajiya irin tawa ta yau.

Rannan sai ya faki idon Ɓauna, ya haɗa wayar inji da ta zarto. Zarto ya tashi, inji ya tashi. Zarto ya tsaya, inji ya tsaya. Kurege ya miƙe ƙafa.

Da ƙafa ta huta, sai ciki ya fara magana. Ɓauna na da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta kuwa sha rantsewa duk wanda ya taɓa sai ta take shi.

Da azahar aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka. Ɓauna ta yi tsaki, ta tafi shan ruwa, ta bar zarto a kunne, kamar yadda ubanku yake barin fanka. Kurege ya ce, "Wutar garin nan in ta tafi sai jibi." Ya sunkuci ƙullin, ya shige bututu, ya zauna yana gurgura.

Sai aka kawo wuta. Zarto ya tashi, inji ya tashi. Fuuu! Kurege da ƙuli-ƙuli sai cikin buhu.

Ɓauna ta dawo, ta ji buhu na atishawa. Ta kwance, ga Kurege fari fat, rungume da kayanta. Ta ɗaga kofato.

"Uwar ɗakina, tsaya!" in ji Kurege. "Injin nan ɓarawo ne. Da idona na ga ya tashi shi kaɗai ya zuƙe ƙuli-ƙulinki, na bi shi in ƙwato miki."

"Rabi fa ya rage."

"Kafin in kai ya cinye rabin."

Ɓauna ta sauke kofato a hankali. "Au, shi kaɗai yake tashi? Ba na zama da abin da ba a aike shi ba yake aiki." Ta lalubo wayar nan ta tsinke. "Koma ka kunna da hannunka. Kuma tunda ka iya shiga, kullum ka leƙa ciki ka ga ko ya sake sata."

Kurege ya tsira da ransa, amma aiki ya zama biyu. Ruga ka kunna, ruga ka kashe, shiga ka duba. Shi ya sa har yau wutsiyarsa take buzu-buzu, bai samu lokacin taje ta ba.

Kurunkus, kan bututu. In za ku ci na sata, ku fara duba ko an kashe zarto. Wani ya miƙo mini matashi.