Baba Tela da Kwalba Mai Koren Ganye

Akwai wani tsohon tela da kowa a layinsu ke kira Baba Tela. Rabin yaran layin a shagonsa aka ɗinka musu kayan makarantarsu na farko. Ga iya aiki, ga taurin kai kamar ƙafar keken ɗinkinsa.

Tun tana raye, matarsa ce ke kawo masa shayi shago kowace safiya, da sukari har sai cokali ya gaji da juyawa. Takan zauna kan buhun ƙyallaye tana masa tsiya wai ya fi son keken a kanta. Bayan rasuwarta ya ci gaba da haɗa shayin da kansa. Duk kurɓa sai ya tuna ta.

Sai likita ya ce masa, "Baba, ciwon sukari ya fara taɓa idanunka. In ba ka kiyaye ba, allura za ta gagare ka."

Ya bar shayin, ransa na ƙuna. A madadinsa ya koma shan wani lemun kwalba mai hoton koren ganye, an rubuta a gabansa da manyan baƙaƙe: BA A ƘARA SUKARI BA. Safe kwalba, rana kwalba. Har wa'azi yake wa masu kawo ɗinki.

'Yarsa ta fari ta taɓa miƙa hannu za ta duba kwalbar, ya janye.

"Ke, ni za ki koya wa karatu? Ga shi nan ɓaro-ɓaro."

Ta ƙyale shi, uba ne.

Watanni suka wuce. Wata safiya ta shigo ta tarar da shi yana ta laluben kafar allura, zaren na wucewa ta gefe. Tausayi ya kama ta.

"Baba, kai fa ba ka yabon riga sai ka juya cikinta ka ga ɗinkin. Don Allah bar ni in juya wannan."

Wannan karon bai hana ta ba. A bayan kwalbar, cikin ƙananan rubutu, ta karanta masa. Gaskiya ba su zuba sukari ba. Ruwan 'ya'yan itace suka dafe har ya yi kauri, zaƙinsa kuwa sukari ne tsagwaronsa. Adadin da suka rubuta ma na rabin kwalba ne kawai.

"To, da shi da shayina wanne ya fi sukari?"

"Kwalba ɗaya ta fi kofinka, Baba. Nesa ba kusa ba."

A hankali ya ce, "Ashe saboda wannan na bar shayin mahaifiyarki."

Ranar suka koma asibiti. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, idon dama ya tsira. Na hagu kuwa ya riga ya tafi.

Har yanzu Baba Tela na buɗe shago. Sai dai in zai saka zare, yakan karkata kai gefe guda, ya kai allurar dab da fuskarsa.

Darasi: Gaban kwalba talla ne, bayanta ne ke faɗa maka abin da za ka sha. Ka juya ka karanta ƙananan rubutun, in kuma ɗanka ya ce bari ya duba, ka bar shi. Ku tura wa iyayenmu da duk mai ciwon sukari a gidajenku.