Kurege Mai Duba Soron Gwaggo Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata tsohuwar Bushiya ce, mijinta ya rasu ya bar mata soro ɗaya tak, wanda ya gina da hannunsa. Duk duniya ba abin da take so kamar ɗakin nan. Sai dai ƙafafunta gajeru ne, ba ta iya hawa tsani, kuma tun da mai gidan ya rasu ba wanda ya leƙa saman rufin.

Ran nan, lokacin kaka, ta baza gyaɗarta a tsakar gida, sai ga Kurege ya yi sallama. Bakinsa na gaisuwa, idonsa na kan gyaɗa.

Ya ce, "Gwaggo, yaushe rabon da a duba miki rufin nan?"

Ta ce, "Ɗan nan, tun marigayi. Wai sau nawa ake dubawa ne? Ban taɓa tambayarsa ba."

Kurege ya dafe ƙirji. "Kullum, Gwaggo! Safe da yamma. Rufi kamar jariri yake. Ni zan riƙa hawa saboda zumunci. Gyaɗar nan ma kawo in shanya miki a sama, kada kaji su ɓata."

Bushiya har da ƙwalla, tana sa masa albarka.

Da safe ya hau, ya ɓare ya ci, ya tura ɓawon cikin indararo, ya leƙo ya ce, "Gwaggo, lafiya lau, ko tsaga babu!" Da yamma ya hau, ya ci, ya leƙo, "Gwaggo, lafiya lau, ko tsaga babu!" Da cikin ya ƙi ɗauka, sai halin gado ya motsa. Kun san kurege da ajiya. Ya tona nan cikin yaɓen rufin ya binne uku, ya tona can ya binne biyar, ya bi da wutsiya ya share. Kafin ƙarshen rani rufi ya zama rariya, Kurege ya zama tulu.

Aka yi ruwan fari, aka yi na biyu. Sai ga Shamuwa ta iso daga tafiyarta, ta sauka bisa katanga.

Ta ce, "Bushiya, barka da noma. Yaushe kika mai da gonarki kan soro?"

Bushiya ta ja da baya, ta ɗaga kai. Rufi kore shar, gyaɗa ta tsiro har da layi.

Ta ce, "Ikon Allah! Rufin da ake duba mini safe da yamma?"

Shamuwa ta ce, "Safe da yamma? Ai mijinki sau biyu yake hawa a shekara, ni ce shaida. Ranar da na iso mu gaisa yana toshe tsaga, ranar da zan tafi mu yi sallama yana gyara abin da damina ta ci. Sai fa in an yi iska mai ƙarfi ya ƙara leƙawa. Wanda ya fi haka hawa, da abin da yake nema."

Ba ta rufe baki ba hadari ya taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Indararo a toshe da ɓawo, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a sama. Ɗaki ya fara yoyo, ɗis a kan gado, ɗis a kan tukunya, azara na ƙara. Bushiya ta tsaya a tsakiya riƙe da ƙwarya tana kuka, tana cewa, "Wayyo ɗakin mai gidana!"

Kurege kuwa yana sama, ya ji duk abin da aka faɗa. Tsani dai ba zai biyu ba, don Shamuwa na fake a gindinsa da dogon bakinta. Sai ya ce bari ya sulale ta indararo. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, ciki ya ce sam. Gaba ɓawo, baya ruwa. Ruwa ya taru, ya taru, ya bankaɗo shi. Fut! Kurege da ɓawon gyaɗar wata shida suka zubo tim a ƙofar ɗaki. Ruwan da ya kwanta ya bi bayansa shaa, yoyo ya tsaya, soro ya tsira.

Kurege ya miƙe yana tari, ya ce, "Gwaggo, na gano cutar! Yau har cikin indararo na duba miki."

Bushiya ta dube shi, ta dubi ɓawon, dariya ta ƙwace mata da hawayen a fuska. Ta ce, "Ja'iri. To, da ka duba, lafiya lau?"

Ya sunkuyar da kai. "Akwai 'yar tsaga, Gwaggo."

Kwana bakwai ya yi yana ciran gyaɗa, yana kwaɓa ƙasa, yana shafe rufi da makuba, wutsiyarsa ce tsintsiya. Shi ya sa har yau take buzu-buzu.

Tun daga nan sau biyu yake hawa, zuwan Shamuwa da tafiyarta. In ya sauko, Gwaggo ta damƙa masa gyaɗa cike da hannu. Amma soyayyiya, wadda ko an binne ba ta tsirowa.

Ƙurunƙus kan kurege. A duba rufi kafin damina, a duba bayanta. Wanda ya ce zai duba maka kullum kuwa, ka fara duba cikinsa.