Kalmar Tsoho Gauraka

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu sha ta, Kaka!

A da can, lokacin da duniya ke kwance, garken bareyi mai gadi ɗaya gare su, tsoho Gauraka. Ba ya magana sai ya hango mugu, kuma kalmarsa ɗaya ce: "Gudu!" Allah sarki, kowa na kiwo hankali kwance.

Da Gwanki ya zama shugaba, sai ya ce, "Kalma ɗaya ai rowa ce." Ya naɗa tsuntsaye barkatai su riƙa kawo masa labari.

Ran nan suka yi masa caa. Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, giwa ta haihu!" Aku ya ce, "Ciyawar gabas ta fi ta yamma!" Bareyi suka kaure da gardama.

Gauraka ya ce, "Gudu!"

Gwanki ya ce, "Haba Baba, ko gaisuwa babu? Jira a zo kanka."

Kafin a zo kansa, Damisa ta zo kan Gwanki.

Shi ya sa har yau barewa ba ta tsayawa jin ƙarshen labari.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu, ku tashi haka nan.