Ranar da Dabbobi Suka Cinye Ƙuri'unsu

Wata rana, a wani daji can ƙetaren teku, Bushiya mai saurin fushi ta tsaya a gidan shugaba Raƙumin Dawa tana ta kumfar baki.

"Ranka ya daɗe, na ce yunwa muke ji! Ka buɗe mana rumbun gari!"

"Yunwa kuma?" in ji Raƙumin Dawa, bakinsa cike da ganye. "Haba baiwar Allah. Duk inda na duba kore shar ne. Dajin nan bai taɓa samun wadata irin ta bana ba."

"Saman itace kake gani! Ƙasa ta tsage! 'Ya'yana uku ƙasa suke lasa!"

Kurege, maroƙin shugaba, ya yi tsalle ya ce, "Ke, rufe mana baki! Yunwar nan a ranki take, ba a cikinki ba."

Kun ji fa! Wai a ranta. Ni da nake rubutawa ma raina ya ɓaci.

To, a dajin nan da gyaɗa ake zaɓe. Ana ba kowa ƙwaya ɗaya, in yana son shugaba ya ci gaba sai ya jefa ta a ƙwaryar da ke zauren gidansa. In ƙwarya ba ta kai rabi ba, shugaba ya sauka ya miƙa makullin rumbu.

Ranar zaɓe ta zo. Kurege ya raba gyaɗa yana kirari, dabbobi suka shiga layi.

Da aka gama Kurege ya ɗaga faifan da aka rufe ƙwaryar da shi. Sai ya daskare.

"Ranka ya daɗe... babu ko ɗaya."

"Ƙarya ne! Sata aka yi!"

"Ba wanda ya sata," in ji Bushiya. "Cinyewa muka yi. Tawa ma gida uku na raba wa yara. Tambayi maroƙinka ina tasa."

Kurege ya goge baki da sauri.

Raƙumin Dawa ya ware ƙafafu, ya sunkuyo da dogon wuyan nan don ya leƙa ƙwaryar da kansa. Bai taɓa sauko da kai haka ba tun da ya hau mulki. Nan ya ga haƙarƙarin yara a waje, ya ga ƙasa ƙurmus, ko tsinken ciyawa babu.

"Innalillahi! Haka kuke? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Wallahi haka ya ce!

Bushiya ta dube shi, ƙayoyinta duk sun miƙe. Ta fizge makullin rumbu daga wuyansa tun bai ɗago ba, ta tura 'ya'yanta gaba, ta buga ƙofa garam, ta fice.

Darasin wannan labari shi ne, in talaka ya ce maka da zafi, kada ka ce masa ai kai a inuwa kake. Sunkuyo ka duba tun yana da haƙurin gaya maka.